Kwalbatin Hanyar Tozai

Malam Dalhatu ya daɗe yana aikin gwamnati a Sabon Birni kafin a kafa kwamitin sa ido kan ayyukan karkara, a are shi zuwa garin Isa. Aikinsa shi ne ya hau babur ya bi ƙauyuka, ya duba rijiyar burtsatse ko ajin makaranta da aka ba ɗan kwangila, ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ana nan sai mulki ya sauya hannu. Shugaban kwamitin ya kwashe kayansa ya koma Sakkwato, aka bar Dalhatu da tebur da hatimi, ba wanda ya ce ya tafi, ba wanda ya ce ya zauna. Shi kuwa ya ci gaba da fita aiki.

Gab da faɗuwar damina ya je duba wani sabon kwalbati a hanyar Bafarawa zuwa Tozai. Ya sauka ya kankari gefen ginin da makullin babur, sai yashi ya zubo kamar gari. Rodin da ya leƙo waje bai kai kaurin ƙaramin yatsansa ba.

Marwan, mai kula da leburorin ɗan kwangila, yana zaune gindin aduwa yana ɓarar gyaɗa. Dalhatu ya kira shi ya ce, "Wanga aiki ba ya tsallake ruwan farko. A tsaida shi."

Marwan ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Malam Dalhatu, da sunan wa kake magana? Mun ji an rushe kwamitinku. Ku 'yan siyasa ne, maigidanku ya sauka."

"Ni ne ɗan siyasa? Ina aikin gwamnati tun kana firamare!"

"To tahi ka kawo wanda za shi hwaɗa mini hakanan. In ya zo, ni da hannuna za ni fasa ginin."

Dalhatu ya tashi babur ransa na tafasa, bai zame ko'ina ba sai ofishinsu na Isa, wurin Alhaji Abbas mai riƙon ofishin. Alhaji Abbas ya saurare shi yana kaɗa kai, har da salati da ya ji batun rodin. Daga nan ya gyara zama ya ce, "Gaskiyarka ce, amma rahoton da za a yi aiki da shi sai ya hito hannun ma'aikaci. Kai kuwa aronka munka yi. Je Sabon Birni su tabbatar kai nasu ne."

"Yallaɓai, ruwa na bisa hanya!"

"Shi ya sa na ce ka hanzarta."

A Sabon Birni, Hajiya Hafiza mai kula da ma'aikata ta tarbe shi da fara'a, ta tambayi iyali. Da ya faɗi abin da ya kawo shi sai ta tafa hannu ta ce, "Ai tun ranar da anka ɗauke ka ka bar hannunmu. Sa ido naɗi ne, ba aikin gwamnati ba ne. Kujerarka ma an ba wani."

"Hajiya, albashina fa daga nan yake fitowa."

"Wannan kuma kada ka yawaita faɗi, kada wani ya ji ya tsaida shi."

Ta ce ya je Sakkwato. Ya je, aka ce mai yanke maganar ya tafi taro Abuja. Ya koma, aka ce ya dawo amma yana hutun gajiya.

Matarsa Murja ta gaji da ganinsa yana shigowa da ƙura har gira, yana faɗa da kwanon tuwo. Wata safiya ta tare shi bakin zaure ta ce, "Baban Ikramu, ka san yadda hanyar nan take yanzu. Ko rakiyar jami'an tsaro sun hana ka, sun ce ta ma'aikata ce. In wani abu ya same ka cikin daji, wa za shi ce kai nashi ne?"

Dalhatu ya lalubo makulli a aljihu. Ya yi tsaki, ba don ita ba, ya ja babur ya fita. Tozai ya nufa, ya tara manoma bayan sallar azahar ya gaya musu kada mota mai kaya ta hau kwalbatin. Suka yi masa godiya. Wani dattijo ya tambaye shi to ina za su bi, tunda hanyar ke nan guda. Dalhatu ya yi musu sallama, ya hau babur ya juyo gida.

Ruwa ya sauka mai yawa. Ranar kasuwar Bafarawa wata a-kori-kura ɗauke da buhunan taki ta hau kwalbatin, ya burme da ita. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma direban, wani mai suna Mus'ab, ya karye a cinya, takin kuma ruwa ya tafi da shi. Kafin la'asar hoton motar ya zagaye wayoyin mutane har Sakkwato.

Wannan karon ba a sa Dalhatu yawo ba, mota aka aiko ta ɗauke shi. Ya shiga ɗakin taro ya tarar da Alhaji Abbas da Hajiya Hafiza zaune kafaɗa da kafaɗa, ga wani babba daga Sakkwato a tsakiya. Babban ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Dalhatu, a matsayinka na cikakken ma'aikacin gwamnati, wanda dokar aiki ta hau kansa, me ya hana ka tsayar da wannan aiki?"

Dalhatu ya dubi Alhaji Abbas, Alhaji ya dubi fankar sama. Ya dubi Hajiya, ta shiga gyaran mayafi.

"Ranka ya daɗe, a maimaita mini farkon maganar."

"Cikakken ma'aikacin gwamnati. Akwai shakka ne?"

Wata dariya ta kuɓuce masa wadda ba ta daɗi ba ce. Ya kwashe labarin zirga-zirgarsa kaf ya faɗa. Babban ya saurara, ya ce wannan duk ba ya cikin abin da aka zo dubawa. Aka yi masa gargaɗi mai tsanani, aka ɗage ƙarin girmansa, aka tashi taro da addu'a.

Daga nan Dalhatu bai koma gida ba. Ya sayi lemo da ayaba ya wuce Bafarawa, gidan mai ɗori inda Mus'ab ke kwance an ɗaure masa ƙafa da karare. Suka gaisa, ya yi masa sannu. Mus'ab ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Malam, yanzu wa za shi gyara muna hanyar?"

Dalhatu ya zauna bakin tabarma, ya ɗauki lemo ya fara ɓare masa. Ya ce, "Sun ce za su kafa kwamiti. Ci wannan tukuna."