Tiren da Rigoberto Ya Ƙona

Ofelia ta faɗo kicin a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

"Rigo! Ajiye kofin nan, zo ka ga aikinka!"

Rigoberto, mijinta, ya yi tsuru-tsuru. Wanda aka yi wa gaba ta kwana goma a watan Oktoba ai dole gabansa ya faɗi.

Duk a kan wani ɗan fure ne rawaya, gajere, wanda ke fitowa kowace shekara tsakanin duwatsun gangaren da ke bayan gidan iyayenta, a gefen garin Tecate. Shi marigayiya mahaifiyarta take sokawa a gashinta ranar bikin Ista. Bara buldoza ta share gangaren za a yi titi, abin da Ofelia ta tsira da shi iri ne cikin 'yar kwalba.

Renon dashe kuwa sana'arta ce, kuma tana ji da kanta. Ta ba irin nan taki, ta ba shi inuwa, ruwa safe da yamma kamar jinjiri. Sau uku tana shukawa, ko ƙyallin tsiro. Tire na huɗu ta ajiye a bayan gida, sai ga Rigo ya gama gashin nama, ya ga ƙasa a tire, ya juye masa toka da sauran garwashi. Ranar har maƙwabta sun ji muryarta.

Yanzu ga su tsugune a gaban tiren, bayan ruwan Disamba. Cikin baƙar tokar, tsirrai ne sirara, kore shar.

"Ashirin da uku! Na ƙirga sau biyu!" Tana dariya, hawaye na zuba. "Wuta yake so, Rigo! Mama ta sha faɗa, shekarar da gobara ta ci gangaren ne ya fi yin rawaya. Ni kuma ina ta lallaɓa shi!"

"Ai dama na sani," in ji Rigo, yana gyara hula.

"Rufe min baki, sarkin ƙarya."

Ta ruga ɗaki ta dawo da kwalbar. Abin da ya rage bai cika cokalin shayi ba, kuma daga shi babu wani. Ta tsaya jim, sannan ta zazzage shi duka a sabon tire, ta miƙa masa ashana.

"Ƙona min shi. Daidai yadda ka yi wancan."