Haƙoran Agogon Manaja

Mai Agogo ya maƙala gilashinsa a ido, ya sunkuya a kan agogon da aka ajiye masa a tebur. Agogo ne mai nauyi, irin na masu ji da kansu, da zoben ƙarfe mai haƙora da ya kewaye gilashin. Zoben ya sha wuya. Lambobinsa sun koɗe, gefe guda ya lotsa, wani haƙori ya tashi tsaye kamar ƙaya.

"Na Manaja ne, Baba," in ji Auta, 'yarsa, tana tsaye mayafi ya rufe mata rabin fuska. "Ya ce a cire zoben a sa sabo. Kafin ya taso daga aiki yake so."

Manaja mijinta ne. Rumfar da Mai Agogo ya kafa teburinsa a ƙarƙashinta kuma ta shagon yayan Manaja ce, alfarma aka yi masa tun lokacin da aka kori masu tebur daga bakin titi.

Mai gyaran takalma, wanda suke raba inuwar rumfar, ya leƙo yana dariya. "Wai surukin nan naka da agogo yake fasa dutse ne? Ko gudumata ba ta ji jiki haka ba."

Auta ba ta yi dariya ba. Mai Agogo ya juya agogon zuwa haske. A tsakanin haƙoran akwai wani abu baƙi-baƙi da ya bushe ya maƙale. Da farko ya ɗauka tsatsa ce, sai ya tuna irin wannan ƙarfen ba ya tsatsa. Ya sa hantsaki ya ɓanɓaro, sai ga wani ɗan gajeren gashi ya biyo, irin na gira.

Ya cire gilashin daga idonsa a hankali, ya ɗago kai.

"Matso nan. Janye mayafin."

"Baba, mutane fa."

"Na ce ki janye."

Ta janye. Daga gefen girarta zuwa ƙasan ido, wasu ƙananan yanka ne a jere, tazararsu ɗaya, na tsakiyar ya fi zurfi. Mai gyaran takalma ya koma kan ɗinkinsa.

* * *

Ba yau farau ba, kuma Mai Agogo ya sani. Ta taɓa zuwa ɗakinsa na haya da goyo a baya da kumburarren leɓe. Ya zaunar da ita, ya yi mata dogon bayani a kan haƙuri, ya raka ta har ƙofar gidan mijin. Da ta sake zuwa, 'yan'uwa suka taru, aka kira Manaja, ya durƙusa yana share ido, aka yaba da ladabinsa. Daga nan ba ta sake kawo ƙara ba, shi kuwa ya faɗa wa kansa an shirya. Ya ji daɗin wannan ƙaryar, don ta bar shi ya yi barci. Mutumin da yake gane ƙwayar ƙura a cikin injin agogo, ga fuskar 'yarsa a gabansa sai da ƙarfe ya nuna masa. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ki kwaso kayanki ki dawo gida," ya ce.

"Wane gidan, Baba? Ɗaki ɗaya, kai da kayan aikinka?" Ba da tsiwa ta faɗa ba. "Ko a ƙofa ne zan iya kwana, ba wannan ba ne. Ya riga ya faɗa min, ranar da na sa ƙafa waje yaran na wurin uwarsa, ko ƙeyarsu ba zan sake gani ba. Ƙaramar ko yaye ta ban yi ba."

"Zan je in same shi."

"Ka je, ya durƙusa maka. Idan ka tafi ni zan biya. Gobe kuma yayansa ya ce ka ɗauke teburinka."

Agogunan da ke rataye a cikin akwatin gilashi suna ta bugawa, kowanne da nasa lokacin.

Ta sunkuyo, ta rage murya. "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka sa sabo. Na ga sababbin a akwatinka, haƙoransu sun fi wannan kaifi. Wannan ai ya riga ya dakushe, guda ɗayan nan ne kawai yake yanka. Ka goge shi, ka ce ba a samu sabon ba."

"In kika koma masa da tsohon fa?"

Su biyun sun san amsar. Manaja ba a mayar masa da aike yadda bai faɗa ba.

* * *

Mai Agogo ya ajiye sabon zobe kusa da agogon a kan ƙyalle. Tsohon zai gyaru, ya gyara waɗanda suka fi shi lalacewa. Amma komai gugar da ya sha, kallo ɗaya Manaja zai yi masa ya gane, kuma yau ɗin nan za ta ji a jikinta. Sabon kuwa zai faranta masa rai, yau a zauna lafiya, sai ranar da miya ta yi gishiri ko yaro ya yi kuka. Tun da ya fara sana'ar nan yake ba mutane shawara, wannan a gyara, wancan a canza, ba a taɓa kawo masa aikin da ko'ina ya juya jinin 'yarsa ne ba.

Ya ɗauki sabon, ya jawo ƙaramin magagari.

"Baba, na ce..."

"Zauna a bencin."

Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana cinye kaifin kowanne daga gefe, yana barin saman yadda yake don ido kada ya gane. Garin ƙarfe yana zuba a kan yatsunsa. Wani ya zo canjin batir, ya ce masa ya dawo gobe. Sau da yawa sai ya tsaya ya cire gilashin idonsa ya goge da bakin riga, don ya yi ta dushewa. Da ya gama ya bi shi da ƙyalle har ya ɗauki ƙyalli, ya ɓalle tsohon, ya danna sabon ya zauna daram.

Ya shafa da babban yatsa. Amma yatsansa ya yi kanta, ko allura ba ya ji sosai. Sai ya ɗaura agogon a hannunsa, ya kai shi kumatunsa, ya danna, ya ja da ƙarfi daga gefen gira zuwa ƙasan ido. Ya sake ja. Mai gyaran takalma ya kawar da kai.

"Duba min," ya ce da Auta. "Ya yanka?"

Ta matso ta duba fuskar mahaifinta da kyau, yadda shi bai taɓa duba tata ba.

"Bai yanka ba, Baba. Ja kawai ya yi."

Ya kwance agogon, ya daidaita masa lokaci, ya naɗe a takarda. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Na gode, Baba. Allah Ya ƙara buɗi."

Ta mayar da mayafin kan rabin fuskarta, ta tsallaka titi da sauri don kada Manaja ya riga ta isa gida. Mai Agogo ya bi ta da kallo har motoci suka raba su. Sannan ya ɗauki tsohon zoben zai jefa a gwangwanin tarkace, hannunsa ya tsaya. Ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, bai wanke shi ba.