Hannu a Kan Sarauniya

Zdravko Milushev ya shekara tamanin da ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kada shi a wasan ces, darar nan mai sarki da sarauniya da sojoji, ya riga shi kabari. Matarsa Nevena ma ta bi su. Saura shi da kofunan gasa a saman kabad, sai lambun da ke tsakiyar birnin Sofiya inda tsofaffi ke baza alluna kullum da la'asar.

A lambun nan girmamawa ce ke kashe shi. Da ya iso sai a miƙe, a share masa benci, a kawo kofi. Wanda ya zauna gabansa kuwa zai yi 'yan motsi ashirin cikin ladabi, ya miƙo hannu ya ce a tashi kunnen doki. Wa zai so a ce shi ya kunyata babban gwanin ƙasa? Shekara shida ke nan ba wanda ya zauna da niyyar cin sa, shi kuwa abin da yake marmari ke nan. Kaɗaici ne zalla, ga mutane cike da benci.

Ran wata Laraba wani Kostadin ya zauna. Tsohon direban taragu ne, baƙo a lambun, yana cin banitsa, wata gurasa mai cuku, yana goge maiƙon a wando. Bai ko gaisa da kyau ba ya afka masa a kan allo. Zdravko ya gyara zama, ya duƙufa kamar da.

Wasa ya yi nisa, ya ɗaga sarauniyarsa, sai a lokacin ya hango cewa duk inda ya ajiye ta, ta tafi. Ga shi a dokar wasan, abin da ka taɓa dole ka tura shi. 'Yan kallo suka shiga duban bishiyoyi. Wani ya raɗa masa ya mayar da ita, ai ba wanda ya gani. Zdravko dai Kostadin yake kallo, yana fargabar shi ma tausayin zai yi.

"Ka taɓa ta, Baba Zdravko," in ji Kostadin, baki cike. "Tura ta, kar hannunka ya gaji."

Ya tura. Motsi tara ya ƙara, ya kwantar da sarkinsa, alamar an ci shi. A hanyar gida yana tafe yana zagin kansa, daɗi kamar ya kashe shi. Ya ciro tsohon littafinsa ya shirya wa direban nan tarko.

Washegari ya riga kowa zuwa. Aka cika, babu Kostadin. Da ya tambaya, sai mai share bencin ya buga ƙirji, ya ce ai sun yi masa tatas jiya, sun nuna masa hanya.

"Marar kunyar nan ba zai ƙara damun ka ba, maigida."

Zdravko ya daɗe yana kallon allon. Wani ya zauna gabansa cikin ladabi, ya tura soja.