Kunnen Hagu na Hinda

Mura ta kwantar da Hinda a Kwaya, da zazzaɓi da tari. Ranar da ta fara samun sauƙi, ta tashi da safe ta ji kunnenta na hagu ɗif, sai wani zuuu da ba ya tsayawa. Ta buga taɓarya a turmi, ƙarar ta shigo ta gefe guda kawai.

Mijinta yana ci-rani, kuma moto, wato babur, ɗaya ne a gidan, na ƙanensa Mas'udu. Ta same shi yana goge shi.

"Mas'udu, don Allah kai ni likita a Magariya. Kunnena ya mutu."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, majina ce ta toshe shi. Ki ɗiga man gyaɗa. Ni kasuwar Guci za ni."

Ta sake roƙonsa washegari, ya ce hanya yashi ce, moto ba zai ɗauki biyu ba. Sai bayan wata guda mijinta ya dawo ya kai ta. A asibitin, lokotoro ya duba kunnen ya girgiza kai. Ya ce ƙwayar cutar mura kan kama jijiyar ji, kuma da ta zo a kwanakin farko, akwai maganin da wataƙila ya ceto kunnen. Yanzu an makara.

Hinda ba ta yi kuka ba. Tun daga ranar, duk sanda Mas'udu ya buɗe baki, sai ta juya masa mataccen kunnen.

Da kaka ta yi, Mas'udu ya tone gyaɗarsa ya baza a gona. Wata la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Duk amalanken unguwa sun fita, sai ta Hinda, wadda ta saya da sana'ar ƙuli-ƙuli. Mas'udu ya shigo a guje.

"Yaya, ara mini amalanke da jaki! Gyaɗata za ta jiƙe!"

Ta juya masa hagu, ta ci gaba da tankaɗe. Ya zagayo dama, ta sake juyawa. Ya durƙusa har ƙasa yana ba ta haƙuri, iska na kwashe masa hula.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kwana yana zuba. Rabin gyaɗar ta ruɓe. Da mijinta ya yi mata faɗa, Hinda ta dube shi ido cikin ido.

"Maigida, gyaɗa baɗi ma za a shuka."

Ta ɗauki tulunta ta nufi rijiya.