Saƙon da Bai Tafi Ba

Akwati, babu komai a ciki. Kwalin makrud, cincin mai dabino a ciki, irin wanda mahaifiyarsa ke so. Makullin ɗakin da ya share mata a gidansa na Aljiyas. Waya da cajinta ya kusa ƙarewa, ba igiyar caji. Abin da Lakhdar ya ɗauko ke nan, kuma sai da tasi ta wuce Buwira sannan ya lura ko rigar canji bai sako ba.

Ya sake duba wayar. Saƙon na nan inda ya bar shi, da ɗan hoton agogo a ƙasansa. Bai tafi ba.

"Malam, ka bar wayar nan ta huta," in ji direba, yana kallonsa ta madubi. "Yau jarrabawar bak ake yi, ta kammala sakandare. Sun rufe intanet tun da safe, sai yara sun ajiye biro."

"A rufe wa ƙasa guda baki don kada yaro ya saci amsa," in ji Lakhdar. "Inda na yi karatu..."

"Yawwa, ta fito. Tun da ka shigo motar nan nake jiran 'inda na yi karatu'. Faransa ko Kanada?"

Fasinjoji suka yi dariya. Wani dattijo da ke gidan gaba ya juyo da ƙyar.

"Ɗana, ni makon da ake rufewar nan shi ne makon da nake samun barci. Ɗan ƙanwata kalma biyu ya rubuta a intanet a kan maƙwabcinsa. Alƙali ya karanta masa su a kotu, da ƙarfi, gaban uwarsa. Har yau bai dawo gida ba."

"Ƙila maƙwabcin ya cancanta," in ji Lakhdar.

"Ƙila," in ji dattijon, ya juya ya fuskanci hanya.

Jiya da yamma wani abokin aikinsa ya turo masa hoton. An ɗauko shi ne daga shafin Facebook na unguwarsu a Busa'ada. Mahaifiyarsa, Hajiya Mas'uda, zaune a tabarma a bakin ƙofar gidansu, ƙofar a rufe, ƙullin kaya a cinyarta. An rubuta a ƙasa: "Uwa a bakin ƙofa tana jiran ɗanta. Mu ji tsoron Allah a kan iyaye." Mutane sun yi ta rubutu a ƙarƙashin hoton, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: aikin matar ɗa ne.

Ya kira ƙanensa Rabah bai samu ba, domin Rabah na can kudu a rijiyoyin mai, inda waya ke shiga ran da ta ga dama. Matar Rabah kuwa, Huriyya, wadda ke zaune da tsohuwar, ba shi da lambarta. Namiji ba ya ajiye lambar matar ƙanensa.

Da safe a tasha ya buɗe zauren WhatsApp na dangi, wanda har mahaifin Huriyya da yayyenta maza ke ciki tun lokacin biki. Ya sa hoton, ya rubuta: "Ga abin da Huriyya ta yi wa uwarmu. Laifin wanda ya auro mana marar asali ne." Ya san nauyin kalmar. A Busa'ada an sha raba aure a kan abin da bai kai ta ba. Ya danna daidai lokacin da tasi ke fita daga tasha, sai agogon ya fito ya tsaya.

Ya yi ta kashe wayar yana kunnawa, yana ɗaga ta wajen taga. Kafin su kai Sidi Isa ta mutu a hannunsa.

Rana ta yi sama lokacin da ya shigo layinsu yana jan akwatin. Ya hango abin da ya gani a hoto, komai a wurinsa: tabarma, ƙulli, koriyar ƙofa a rufe. Sai dai akwai ƙari. A hannun hagun tsohuwar, a kan 'yar kujera, Huriyya ce zaune da tire a cinya tana tsince wake, ɗaya hannun riƙe da lema a kan surukarta. Silifas ɗinta shuɗi ne. Ya tuna akwai wani ɗan shuɗin abu a gefen hoton, can ƙasa. Ya ɗauka leda ce.

Ta miƙe ta gyara mayafi. "Yaya Lakhdar? Haka ake zuwa ba sanarwa? Sannu da hanya."

Ya saki akwatin. Ya durƙusa ya sumbaci goshin mahaifiyarsa. "Umma, kin wuni lafiya?"

Ta dube shi cikin fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo. "Lafiya lau, bawan Allah. Daga tasha kake? Ba ka ga ɗana ba? Lakhdar. Karatu ya tafi, yau zai dawo."

Ya ɗago ya dubi Huriyya.

"Tun bayan azumi," ta ce a hankali. "Da ta karya sai ta ɗaure kaya ta fito. Wai in ka iso za ka wuce da ita ka nuna mata ƙanƙara. In na hana ta fita, kuka. In na bar ƙofa a buɗe, faɗa, wai ƙuda. Sai mu zauna har azahar."

"Amma ranar Juma'a mun yi magana da ita. Ta kira sunana."

"A waya take gane ka. Shekarun da ka yi a can, a waya ta saba ganin fuskarka."

"Rabah bai gaya mini ba."

"Ya ce maka tana mantuwa. Ka ce tsufa ne."

Haka aka yi, ya tuna. Yana tuƙi a lokacin.

Ta ga wayar a hannunsa. "Ta mutu? Kawo in sa maka caji, in ɗora shayi. Riƙe mata lemar, kada ka bari ta taɓa mata kai, ba ta so."

Ya miƙa mata ba tare da tunani ba. Ta ja akwatin ta shiga, ta mayar da ƙofa. Ya zauna a kan 'yar kujerar. Ta yi masa kaɗan, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa.

Daga kantin da ke kallon gidan, Ammar ya tsallako yana goge hannu. Tare suka yi firamare, yanzu shi ke riƙe da shafin unguwa.

"Ɗan Kanada! Ashe hotona ya yi aiki."

"Kai ka ɗauka?"

"Ni ne. Na ce tun da ba ka zuwa, bari in aika maka ta inda kake gani."

"Ni kake nufi da 'ɗanta'?"

"To wa take jira? Rabah duk wata yana gida."

"Me ya sa ka cire Huriyya daga hoton?"

Ammar ya dube shi kamar ya yi saɓo. "In sa matar mutum a Facebook? Mijinta ba ya gari? Kana so yayyenta su ƙona mini kanti, ko 'yan sanda su zo su tambaye ni wa ya ba ni izini? Tsohuwa uwar kowa ce. Matar aure kuwa, na yanke ta tsaf, don mutuncinta."

"Ka karanta abin da mutane suka rubuta a kanta?"

Ammar ya sosa ƙeya. "Na gani da asuba. Baƙi ne, wallahi, ba 'yan unguwa ba. Na zo in sauke hoton ke nan aka rufe. Da an buɗe zan cire." Ya dubi can ƙarshen layi, inda mata suka fara taruwa a inuwar katangar makaranta. "Ai ma sun kusa buɗewa. Ka ga, yara sun fara fitowa."

Lakhdar ya miƙe, kujerar ta faɗi. Wayarsa irin wadda ke kunna kanta ce da zarar ta sha caji. Saƙon kuma ba ya neman izinin kowa, hanya kawai yake jira.

"Riƙe lemar nan," ya ce wa Ammar. "Kada ta taɓa mata kai."

Ya yi sallama ya shiga. Babu waya a falo, babu a soro. Ya ga igiyar caji ta bi ta ƙarƙashin labulen ɗakin Rabah da Huriyya. Ya tsaya. Tun da aka kawo ta gidan bai taɓa taka ɗakin nan ba, kuma ko yau ƙafarsa ta ƙi.

"Huriyya."

"Na'am, Yaya. Shayin ya kusa."

"Wayata."

"Ai yanzu na sa ta. Bari ta ɗan..."

"Don Allah, yanzu."

Ta fito daga kicin ta dube shi, ta shiga ɗakin. Ya ji tana matsar da wani abu. Ya ji hayaniyar ɗalibai ta ƙaru a waje. Ta fito ta miƙa masa, fuskar wayar na haske.

Sau biyu yatsansa ya kuskure lambobin buɗewa. Ya kashe mata duk wata hanyar sadarwa tukuna, sannan ya shiga zauren dangi. Agogon na nan. Ya danne saƙon, ya goge shi, ya goge hoton. Ya tsaya yana kallon gurbin.

A kan tebur wayar Huriyya ta yi ƙara, ta sake yi, ta ci gaba da yi. A waje ma ta Ammar ta kama, da ta maƙwabta, layin gaba ɗaya kamar an saki tsuntsaye.

"An buɗe," in ji Huriyya.

Ya zauna a bakin kujera. "Alhamdu lillahi," ya ce. Ya maimaita.

"Yau kai ke godiya? Rabah ya ce duk shekara sai ka yi musu huɗuba a kan rufewar nan."

"Zan sake yi baɗi. Bana dai na gode."

Ta kawo shayi ta ajiye. Ba ta zauna ba. Ta sa ƙafa ta ɗan tura akwatin da ke jingine da bango, ya gangara da kansa.

"Akwatin nan babu komai a ciki."

"Babu."

"Ka ga hoton ke nan. Ka zo ɗaukarta."

Ya dubi akwatin.

"Ba laifi, uwarka ce. Amma mun gwada kai ta gidan ƙanwarta, ko kwana biyu ba ta yi ba. Ƙofar nan take nema. Ta ce in ka dawo ba ka same ta a nan ba, ina za ka?" Ta gyara kofin a kan tire. "Na karanta abin da suka rubuta. Babban yayana ya kira, wai zai kai ƙara ofishin masu laifin intanet, a kamo su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya bari. 'Yata Rumaisa na jarrabawa, ba na son ta ji sunan uwarta a bakin kotu. Waɗancan ba su san ni ba. Da wani na gida ne ya faɗa, shi ne zai yi ciwo."

Shayin ya ƙona masa harshe, bai ajiye kofin ba.

"Huriyya, Allah ya saka miki da alheri. Na daɗe ban faɗa ba."

"Ba ka taɓa faɗa ba, Yaya. Amin."

Sai ga Rumaisa, 'yar Rabah da Huriyya ta fari, ta turo ƙofa da katin jarrabawa a hannu, ta riƙo kakarta, Ammar na biye da tabarma da ƙulli. Ya ajiye a soro ya ɗaga wa Lakhdar waya: ya sauke hoton.

"Baffa! Yaushe ka zo?" Ta sumbaci kansa. "Larabci ya yi sauƙi. Lissafi ne gobe, ku yi mini addu'a. Mama, uwar kowa na bakin makaranta da ruwan sanyi, har da masu guɗa. Ni kaɗai na fito ina waige-waige kamar marainiya."

"Ki yi haƙuri. Wa zan bar wa Hajiya?"

"Na sani. Faɗa kawai na yi."

Tsohuwar ta zauna, ta dubi kwalin makrud, ta dubi Lakhdar. "Bawan Allah, har yanzu kana nan? Yau ma bai zo ba. Jirgi ne, ba ya da tabbas." Ta buɗe kwalin ta ɗauki guda, ta gutsura. "Irin wanda yake sayo mini ne. A ba baƙon nan abinci, Huriyya."

"Za a ba shi, Hajiya."

Lakhdar ya tashi ya je soro. Ammar na tsaye yana jiran labari.

"Kana da igiyar caji a kantinka? Da rigar da za ta yi mini?"

"Igiya akwai. Riga sai kasuwa. Kwana za ka yi?"

"Da yamma zan leƙo."

Ya dubi layin. Mutane sun fito bakin ƙofofinsu, kowa kansa a sunkuye kan waya. Ya ɗauko 'yar kujerar da ya kayar, ya shigo da ita, ya rufe koriyar ƙofar ya sa sakata.

"Huriyya," ya ce, "gobe ki raka Rumaisa makaranta, ki jira ta har ta fito. Ni zan zauna da Umma, mu jira shi tare."