Takalmin da Ya Gurgunta Sarki

Shekara arba'in na yi ina ɗinkin takalma a bayan gidan wasan kwaikwayo, tsakanin takubban katako da garkuwoyin kwali. Karatuna aji huɗu ne. Ni ne kuma na gurgunta tsohon sarkin ƙasarmu, shekara ɗari biyu bayan mutuwarsa.

Jikokin waɗanda suka tumɓuke shi ne suka sa aka rubuta wasa a kansa, aka ba ni ɗinkin takalmansa. Ranar kuwa wani ƙadangare mai jela biyu ya fito a bangon ɗakina. Ina kallonsa ina aiki, na buga wa dunduniyar hagu fata uku, ta dama shida. Ɗan wasan ya fito yana ɗingishi, 'yan kallo suka ɓarke da ihu. Darakta ya rungume ni, ya ce kada in kuskura in gyara.

Daga nan ɗingishin ya shiga rediyo, ya shiga talabijin, har ya kai littafin 'yan makaranta, inda aka rubuta wai ƙafar sarkin ta shanye ne saboda zaluncinsa na sare wuyan mutane, aka koma kiransa Gurgu. Na yi shiru, ina ma jin daɗi.

Sai aka haifa mini jika, ƙafarta ɗaya ba ta kai ɗaya ba. Tana aji biyar, wata rana ta dawo ta yi jifa da jaka.

"Amaryata, wa ya taɓa ki?"

"Ni ba amaryarka ba ce, tsoho. Kuma na bar makaranta. Suna ce mini jinin Gurgu. In na taho sai su ce kowa ya riƙe wuyansa."

Washegari na sami daraktan yanzu, ɗan wancan na farko, na zayyana masa komai.

"Haba Baba mai takalmi! Sarki ba ɗingishi? Ai ka ce mu rufe gidan kawai."

Ban ja da shi ba. Na koma na ɗinka sababbin takalma daidai wa daida, na musanya su a ɓoye. Aka ɗaga labule, sarki ya fito yana ɗingishinsa kamar kullum.

"Ƙafar ce ta saba, Baba," in ji ɗan wasan da na tare shi.

To, sai na naɗe tsofaffin a leda, na kama hannun jikata, tana turjewa, muka nufi ajinsu. Malamin tarihi dogo ne mai tabarau.

"Malam, aron ƙafarka nake so."

Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya zauna ya saka takalman. Taku uku ya yi ya karkace, ajin ya kwashe da dariya: "Gurgu! Gurgu!" Na sa ya cire, na ba wanda ya fi baki a cikinsu, wani ƙato a bencin baya. Shi ma ya karkace. Aka sake dariya, amma ba ta kai ta farko ba.

Na juya dunduniyoyin sama. "Ku ƙirga fatun."

"Uku. Shida."

"Aikin hannuna ne. Ƙadangare nake kallo."

Malam ya gyara tabarau. "To Baba, azzalumi ne ko ba azzalumi ba?"

"Oho. Takalmi na ɗinka masa, ban ɗinka masa zuciya ba. Sauran abin da aka rubuta, ku binciki wanda ya ɗinka shi."

Jikata ta saki hannuna, ta taka zuwa bencinta, ba wanda ya riƙe wuya.

An ce makaranta sittin da ɗaya ke karanta littafin nan a garinmu. Na je tara. Ledar ta yage, na ɗinka wa takalman jaka.