Sai Maraƙi Ya Ƙoshi

Ina surfen gero da hantsi na ji sallamar Hamma Tukur a zaure. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Rugarsa tana gefen Tamawa a ƙasar Kurfi, mu kuma muna Dabawa, kuma ba ya barin shanunsa ya yi wannan doguwar tafiya don gaisuwa kawai. Da na leƙa na ga yana jaye da jakinmu babu kowa a kai, sai na jingine taɓarya.

"Sauda, sai haƙuri," ya ce. "Malam ya rasu jiya bayan azahar, a ɗakin ɗiyarki. Mun yi masa sutura kafin rana ta faɗi."

Na zauna a ƙasa kusa da turmi. Maƙwabta suka fara shigowa da salati. Hamma ya tsuguna a gabana, ya rage murya.

"Akwai abin da aka ce in faɗa miki ke kaɗai. Ya sha nono kafin ya cika."

Na ɗago kai na dube shi. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Shekara goma sha wani abu ke nan nono bai wuce maƙogwaron mijina ba.

Malam Hudu manomi ne, yana kuma koyar da karatu a zaurensa. Ni Bafulatana ce, a kasuwar Dutsin-Ma ya gan ni ina tallan nono. A lokacin babu mai son kindirmo kamarsa. Da aka kawo ni gidansa, mahaifina ya haɗo ni da saniya ɗaya, fara mai dogon ƙaho, muna kiranta Fure. Allah ya ba mu ɗiya mace. Da yake ta fari ce ba na iya kama sunanta, Zinariya muke ce mata.

Tana da wajen shekara huɗu aka yi yunwa, 'yan shekaru kafin a samu 'yancin kai. Gero bai yi ba, rumbuna suka ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Muka koma tafasa da rama da dusa. A cikin wannan hali ƙyanda ta kama Zinariya. Bakinta ya yi gyambo ciki da waje, ko kunun dusa ta haɗiya sai ya dawo. Abu ɗaya ne yake zama a cikinta, madarar Fure da ɗuminta.

Fure kuwa tana da ɗan maraƙi, ja mai farin goshi, ita ma ciyawa ba ta ishe ta ba. Abin da ke hantsarta ba ya isar baki biyu. Ni da Malam ba mu taɓa zama mun yi shawara a kai ba. Kullum da safe shi zai riƙe maraƙin, ni in tatse saniyar ƙarƙaf, sannan ya sake shi ya je ya tsotsi abin da babu.

Gwaggo, mahaifiyar Malam, ta ce yarinya ba za ta rayu ba. "Nono abin sha ne, ba abinci ba ne," in ji ta. "Ɗan adam da hatsi aka gina shi." Amma damina ta raba, Zinariya ko ƙwayar gero ba ta ci ba, gyambon ya warke, ta tashi zaune, har ta fara bin kaji da gudu. Ranar da na ji dariyarta a bayan ɗaki, a satin nan maraƙin ya kwanta bai tashi ba.

Saniya idan ɗanta ya mutu takan riƙe nono. Fure ta riƙe, ko ɗigo babu, ga shi gero bai nuna ba. Na aika wa Hamma, ya zo ya yi abin da muke yi a ruga tun kakanni. Ya feɗe maraƙin, ya cusa busasshiyar ciyawa a fatar, ya ɗinke, ya kafa masa ƙafafu da itace, ya yayyafa kanwa a gadon bayansa. Aka ajiye shi gaban Fure. Ta shinshina, ta yi wani ƙaramin kuka a maƙogwaro, ta fara lasarsa tun daga wuya har goshi. Nan take nono ya sauko, har yana ɗiga kafin in kai hannu.

Ni na saba gani tun ina yarinya. Malam bai taɓa gani ba. Yana tsaye riƙe da fartanya, ya kasa tafiya gona. Da na cika ƙwarya na ba Zinariya, ɗan abin da ya rage na miƙa masa. Ya karɓa, ya kai baki, ya tsaya. Sai ya mayar mini.

"Ki ba yarinya," ya ce.

Na ɗauka na ranar ne. Gero ya nuna, rumbu ya cika, Fure ta sake haihuwa, nono ya wadata har ina kai wa kasuwa. Malam bai ƙara sha ba. Man shanu ma ya ce a daina sa masa a tuwo. Nama ya fita ransa a hankali, sai da Babbar Sallah yakan taɓa ɗan guntu don kada ya bar sunna. Furarsa da ruwa da tsamiya nake dama masa.

Gwaggo ta tasa shi gaba. "Kai Hudu, namiji har da gemu, ka auro Bafulatana kana gudun nono? To me ka auro?"

"Gwaggo, ai ba don nono na aure ta ba."

"Rufe mini baki! Ni na san don ƙarin man shanun da take yi maka a kasuwa ne."

Ya yi dariya har da tari, amma bai sha ba. Wata rana ta sayo cukun nonon raƙumi wajen Buzaye, ta daka shi lilis, ta zuba a furarsa ba tare da kowa ya sani ba. Ya ɗaga ludayi, ya shinshina, ya dube ta.

"Gwaggo, yau raƙumi ya faɗa cikin furar nan."

"Hancin tsiya!" ta ce, ta janye ƙwaryar ta shanye abinta.

Liman ma ya zo har zaure, ya tuna masa nono halal ne, abin sha ne mai albarka. Ina jin su ta bayan zana. Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, ban ce haram ba ne. Kowa ya sha, iyalina ma suna sha. Ni dai maƙogwarona ne ya rufe."

Ni tsoro nake ji. A rugarmu an san wanda ba ya shan nono bushewa yake yi kamar kara. Na zuba ido in ga ranar da zai faɗi. Bai faɗi ba. Na koyi dafa masa wake da gero, kunun gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka mai yawan daddawa. Da wannan ya yi ta noma shekara da shekaru, yana ɗaukar damin da samari biyu suke kamawa. Wani lokaci ina zaune sai in dube su, shi da ɗiyarsa suna cin abinci. Ita ta rayu da nono babu hatsi, shi yana rayuwa da hatsi babu nono. Sai in ce ikon Allah.

Bayan an kai Zinariya ɗakinta a Tamawa ne jikinsa ya fara sauyawa. Ya ce tafin ƙafarsa kamar tururuwa na yawo a ciki. Harshensa ya yi ja, yaji ya gagare shi. Idan ya yi kunya biyu a gona sai ya zauna yana haki. Na matsa masa muka je asibitin Dutsin-Ma. Malamin asibitin, mutum ne mai haƙuri, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya tambayi abin da yake ci, ya saurara har ƙarshe.

"Malam, gero da wake abinci ne mai kyau, su suka riƙe ka har yau," ya ce. "Amma akwai abin da jini yake nema wanda ba a samunsa a gona. Sai a nono, ko ƙwai, ko hanta. Jininka ya yi ƙasa ƙwarai. Ko ludayi biyu ne ka riƙa sha kullum."

Malam ya yi godiya, ya karɓi ƙwayoyin da aka ba shi. A hanyar gida na tsayar da jaki ƙarƙashin wata tsamiya.

"Malam, ka ji da kunnenka. Don Allah, don darajar iyayenka. Maraƙi ne fa. Dabba ce."

Ya ce, "Sauda, kina tsammani ban gwada ba? Na sha ɗaukar ƙwaryar idan ba kya nan. Da na kai baki sai in ga harshen Fure a kan fatar nan. Ni na riƙe shi kullum, yana fizga yana kallon uwarsa. Ban yi da-na-sani ba, ko yau aka ce in zaɓa, ɗiyata zan zaɓa. Amma rabona na nono, na bar masa."

Ban ƙara roƙonsa da baki ba. Kullum dai ina ajiye ƙaramar ƙwarya da faifai a kai kusa da buzunsa, kullum ina ɗauke ta yadda na ajiye.

Da kaka ta yi, shekarar da ake ta jin labarin yaƙi a rediyo, ya ce zai kai wa Zinariya sabon gero da kansa. Na ce ya aiki wani. Ya ce ƙafarsa ta yi sauƙi. Ya ɗaura wa jaki kaya, ya ce in ajiye masa kunun gyaɗa jibi.

Sauran labarin daga bakin Hamma na ji, ranar nan a gindin turmi, daga baya Zinariya ta ƙara mini. Ya isa Tamawa da ƙyar, a ƙofar gida ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Aka kwantar da shi a ɗakinta. Washegari da safe aka fito da shi bakin ƙofa ya sha iska. Zinariya tana da saniya, jikar Fure ce, mu muka ba ta ita ranar aure, kuma saniyar ba ta daɗe da haihuwa ba. Ta ɗauki ƙwarya za ta tatsa. Da ta je janye maraƙin daga uwar, sai ya ɗaga hannu.

"Ƙyale shi."

Ta ƙyale shi. Maraƙin ya yi ta sha yana kaɗa wutsiya, kumfa na zuba a bakinsa, har cikinsa ya yi tim. Da kansa ya saki, ya yi tsalle biyu, ya je ya kwanta a rana. Malam bai ɗauke ido daga kansa ba.

"Ya ƙoshi?" ya tambaya.

"Ya ƙoshi, Baba. Ka ga ko kallon uwar ba ya yi."

"To, in akwai saura, kawo mini."

Zinariya ta tsuguna ta tatsa. Ɗan kaɗan ta samu, bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta tallafi kansa, ya yi bismilla, ya sha a hankali har ya ƙare. Ya lashe leɓe, ya rufe ido.

"Ashe haka yake," ya ce. "Ki faɗa wa uwarki na sha."

Ya yi barci. Da aka kira azahar ya yi salla a kwance, bai ƙara magana ba.

Mutane sun yi ta faɗin albarkacin bakinsu a zaman makoki. Wasu suka ce rashin nono ya kashe shi, wasu suka ce kwana ne ya ƙare. Malamin asibiti gaskiya ya faɗa, na sani, da idona na ga jinin yana barin fuskarsa. Na kuma san gero ya riƙe shi tsawon shekarun da ban yi zato ba. Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne, duk shekarun nan ina kai masa ƙwarya, ban taɓa tunanin in kira shi ya ga maraƙi ya sha ya ƙoshi tukuna ba. Shi ma ina jin bai san abin da yake jira ke nan ba, sai da ya gani.

Yanzu saniya ɗaya ta rage mini, ita ma jinin Fure ce. Matan unguwa suna yi mini tsiya, wai na lalata maraƙi da gata, nonon da zan kai kasuwa yana tafiya cikin dabba. Ina jin su. Kullum da safe nakan kwance shi, in zauna a kan kujerata da ƙwarya a cinya, in jira. Sai ya saki da kansa ya juya baya, sannan in matsa in tatsi abin da ya bari.